Ja-gaban da Bai Taɓa Taka Kano Ba

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a cikin jaridarka mai farin jini, domin in ba 'yan'uwana akawuna da malamai labarin wata 'yar tafiya da na yi zuwa Kano a hutun watan Disamba na 2024, da irin ja-gaban da na ɗauka.

Ni mutumin Zariya ne, na kuwa sha shiga Kano, amma kullum da wata bukata, ko ta'aziyya ko sayayya a Kantin Kwari, in gama in juyo. Ban taɓa tsayawa na dubi garin don kansa ba. Ran nan na ambaci haka a ofishin malamai, sai wani saurayi cikin sababbin malamanmu ya ce, "Malam, ai yanzu an daina wahalar shirin tafiya." Ya karɓi wayata, ya buɗe mini ɗaya daga cikin abubuwan nan da a ke kira ƙirƙirarriyar basira, waɗanda suka bazu a duniya tun daga ƙarshen 2022. Ka rubuta mata tambaya, ta mayar maka da amsa sai ka ce mutum. Na rubuta cewa ina da kwana biyu, Jumma'a da Asabar, ina so in ga tsohon birni. Kafin in gyara zaman tabarau ta jero mini tsari, wuri kaza ƙarfe kaza, har da inda zan ci abinci da kuɗin da zan kashe.

Lalle ba zan ɓoye alherinta ba. Ta haɗa wuraren da su ke kusa da juna a yini ɗaya, ba ta sa ni kai da kawowa ba. Tarihin da ta ba ni kuma ya dace da abin da mu ke koyarwa: cewa Sarki Muhammadu Rumfa ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa Kasuwar Kurmi, shi ya gina fadar da har yau a ke kira Gidan Rumfa, ganuwa kuwa tun zamanin Sarki Gijimasu aka fara ta. Amma a ƙarshen tsarin sai na ga ta gargaɗe ni in sa tufafin mutunci, in nemi tafinta, in kuma koyi faɗin "sannu" da "na gode" don mutanen gari su ji daɗi! Ni da na yi shekara ashirin da ɗoriya ina koyar da Hausa. Na yi dariya har da hawaye. Da na gaya mata ko ni wane ne, ta ba ni haƙuri ta janye, amma daga nan na soma zargin cewa wa baƙo daga nesa aka saba yanka wannan riga.

Na bar Zariya bayan asuba, kuɗin mota tun a tasha ya ƙaryata lissafinta, gama farashin da ta sani na kafin janye tallafin man fetur ne a watan Mayu na 2023. Da na sauka Kano, takardar ta ce in hau acaɓa zuwa cikin birni, alhali kuwa an hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano tun 2013. A Daidaita Sahu na shiga.

Gidan Makama ya biya ni wahalata. Gini ne na ƙasa mai kaurin bango da azara, yanzu gidan adana kayan tarihi, kusa da Ƙofar Kudu ta fada. Na daɗe tsaye gaban tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, ina tuna cewa irinsu aka rufe ran da sojan Turawa suka iso a 1903. Daga nan tsari ya ce Kurmi ƙarfe ɗaya na rana. Jama'a, ƙarfe ɗaya na ranar Jumma'a a birnin Kano! Kowa ya doshi masallaci, ni ma na naɗe takarda na bi sahu. Sai bayan la'asar na shiga kasuwar, na ratsa lungunanta masu ƙunci, na dukawa da na masu kayan doki da na masu kayan yaji. Nan ne Bature Barth, wanda a ke kira Abdulkarimu, ya zaga a 1851 ya yi ta mamakin cinikin garin. Gidan abincin da ta yaba mini kuwa, har da sunan titi, na neme shi na rasa. Mai gyaran waya na tarar a wurin, ya ce bai taɓa jin sunan ba. Gurasa da tsire na ci a bakin hanya, ban kuwa yi nadama ba.

Abokin aikin nan nawa ya bayyana mini dalili daga baya. Watau ita ba ta taɓa ganin kome da ido ba. Rubuce-rubucen mutane aka tara mata masu ɗimbin yawa, ta koyi wace kalma ce ta saba bin wace, da haka ta ke harhaɗa magana. Abin da aka rubuta da yawa ta san shi, abin da ya sake bayan an rubuta sau da yawa ba ta da labari, inda kuwa ta rasa sai ta cike gurbin da abin da ya yi kama da gaskiya. Abin tsoron shi ne murya ɗaya ta ke faɗin duka biyu, ba ta ɗaga gira ba ta inda-inda. Yawancin abin da aka rubuta don masu ziyarar Kano kuma baƙi suka rubuta wa baƙi da Turanci.

Ran Asabar da sassafe na hau Dala bisa shawararta, shawara ce kuwa mai kyau, don rana ba ta yi ba, ko da ya ke hazo ya rufe rabin gari, da ƙyar na hangi Goron Dutse. Na sauko na nufi karofin Ƙofar Mata, inda aka rubuta 1498 a bakin shiga. Rijiyoyin rini da yawa sun bushe, kaɗan a ke aiki da su, dattawa na tsoma zane a ruwan baba suna ɗagawa ya sha iska, har shuɗin ya kama. Ganuwar da ta ce in bi gefenta da ƙafa, a wurare da dama sai tudun ƙasa da gine-gine.

Ina nan sai waya ta yi ƙara. Ashe wani ɗan'uwa ya hange ni a masallaci jiya, labari ya kai wa gwaggona da ke aure a gindin Dala. Cikin tsarin nan duka babu sa'a ɗaya ta gaisuwa, laifin kuwa nawa ne, don ban gaya mata ina da kowa a Kano ba, ita kuma ba ta san a tambaya ba. Na je na durƙusa. Gwaggo ta ce, "Ɗan nan, ka kwana a garin nan a ɗakin haya, ka hau dutsen da ke bisa kaina, ka wuce?" Na ce, "Gwaggo, a yi mini aikin gafara." Ba ta sake ni ba sai bayan la'asar, Gidan Ɗan Hausa da ke cikin tsari ya sha ruwa.

A zaman nan ta ba ni labarin kakan mijinta, wanda ya yi fataucin goro zuwa Gwanja, da zauren da ayari ke sauke kaya, da yadda a ke sallamar madugu. Da dare na tambayi na'urar. Salaga ta sani, da hanyar fatake, amma na unguwar ba ta da ko kalma ɗaya ta gaskiya. Saboda haka ina roƙon malaman Kano masu karanta wannan jarida su zauna da tsofaffinsu, su rubuto mana labarin unguwanninsu da Hausa, kai kuma Edita ka ba su fili. Na gwaggo na rubuta shafi huɗu, zan aiko maka in na koma ta gyara mini sunayen zangon da na rikita.

Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Malamin Makaranta, Zariya.