Tsohon Lista ba gwangwan ba ne

1/ Duk wanda ya tashi a Sabon Birni ko Isa ya san ƙarar nan: tum, tum, tum, tun daga hantsi har la'asar. Injin niƙa kenan, wanda muke ce wa Lista. Yanzu a ƙauyuka da yawa ƙarar ta ɗauke. Ina so in ba ku labarin guda ɗaya da muka tayar. Zaren da ɗan tsawo, ku yi haƙuri.

2/ Sunan ya samo asali daga kamfanin R.A. Lister na garin Dursley a Ingila. Wajen 1930 suka fara ƙera samfurin CS, suka daina a 1987. Daga baya masana'antun Rajkot a Indiya suka ci gaba da kwaikwayonsa. To da na Ingila da na Indiya, mu a nan duk Lista ne.

3/ Abin da ya sa yake daɗewa: ba ya gaggawa. Mai ƙarfin doki 6, silinda ɗaya, juyi 650 yake yi a minti. Ƙananan injinan fetur na markaɗe suna kai 3,600. Ba batir, ba fulogi. Hannu za ka sa ka juya shi ya tashi, duron ruwa ne ke sanyaya shi. Abin da ba a sa masa ba, ba zai lalace ba.

4/ Tun da 'yan bindiga suka matsa wa gabashin Sakkwato, masu inji da yawa sun gudo gari da iyalansu. Kun tuna 2021 da aka rufe layin waya. Mutum zai iya ɗauko tabarma da akuya, amma ƙarfen da sai ƙarti shida sun taru kafin ya motsa fa? A can ake barinsa, damina ta bi ta kansa.

5/ Masu ƙarasa shi su ne 'yan gwangwan. Su kilo suke aunawa, guduma suke sawa. Ban ga laifinsu ba, abinci suke nema. Amma injin da ya ciyar da ƙauye guda ya koma tarkace a bayan mota, matan ƙauyen kuma sun koma turmi da taɓarya a gidajen da suka raɓa.

6/ Lokacin dogon yajin aikin jami'o'i na 2022, Fabrairu zuwa Oktoba, ina gida ba aikin fari ba na baƙi. Sai Kawuna ya ji wani dattijo ya samu an jawo masa injinsa da amalanken shanu zuwa gari, zai sayar. Ɗan gwangwan har ya taya.

7/ Sai da muka kai maganar gaban mai unguwa, aka kawo mutum biyu 'yan ƙauyensu suka shaida nasa ne. Wannan ba wasa ba ne. A yankinmu kayan da aka kwaso daga garin da aka watse suna yawo a kasuwa. Ka saya da arha, ka ƙarfafa ɓarawo.

8/ Abin da ya fi damuna shi ne fuskar dattijon. Na ce, “Baba, in mun saya, kai da me za ka riƙe gida?” Ya ce, “Ɗana, ciki ba ya jiran gyara.” Kawu ya kawo shawara: mu biya rabin kuɗin, mu ɗauki nauyin gyara, ɗansa ya riƙa tuƙa injin, a raba riba. Aka rubuta, aka sa hannu.

9/ Gyaran ya ci wata biyu a zauren gidanmu. Fistan ya kame da tsatsa, mako guda muna jiƙa shi da gas da baƙin mai kafin ya saki. Muka sauya ringi da gaskit da boris, aka wanke nozul. Wasu kayan a Sakkwato muka samu, wasu sai da aka yi saƙo Kofar Ruwa a Kano.

10/ Tsohon makanikin da ya jagorance mu bai yi boko ba, amma kunnensa ya fi littafina. Ya ɗora tafin hannu a kan injin ya ce, “Yaro, wanga ba ya mutuwa, gajiya ɗai shika yi.” Abin da ake zana mana a allo, ranar na taɓa shi da hannuna.

11/ Ga abin da masu niƙa ba sa son faɗa: faifan ƙarfe biyun da ke murƙushe hatsi suna cinyewa, kuma cikin gari ƙarfen yake tafiya. In an wasa su, a fara niƙa dusa a zubar kafin a zuba geron mutane. Kada a matse su fiye da kima. Tuwon yara ne.

12/ Riba? Kaɗan ce, gaskiya. Gas ya yi tsada tun 2022. Amma da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, masu ƙananan injina da yawa suka ƙara kuɗi, sai layin kwanuka ya dawo wajenmu. Gida biyu ke ci, ni ma kuɗin rajistata daga nan yake fita.

13/ In za ka saya: duba jikin injin ko ya tsage, musamman inda ruwa ke zagayawa. Juya manyan ƙafafun ƙarfen ka ji ko suna lilo. Tafi da makaniki, kada fenti ya ruɗe ka. Sannan ka san mai shi.

14/ A takardar akwai sharaɗi ɗaya da dattijon ya nace a sa: ranar da ƙauyensu ya zauna lafiya, zai biya mu rabinmu ya mayar da injin gida. Kawu bai yi gardama ba. Allah ya kawo ranar. In akwai irinsa a yashe a garinku, ku yi magana kafin guduma ta riga ku.