Kwakwa a gidanmu

Ni mutumin ƙasar Mirya ne, ina da gona da ƴar garka.

Shekarar da na tafi cin rani Kwatano, a ƙasar Benin, na ga iccen kwakwa da idona. Dogo ne kamar giginya, yana tsaye cikin rairayi a bakin teku. Na ce a raina, ai rairayi muna da shi. Na dawo da guda uku, na binne a garka. Ɗaya ta tsiro. Wata da watanni ina jan ruwa ina ba ta. Da hunturu ya buso ganyen ya ƙone, bazara ta ƙarasa ta. Ashe kwakwa tana son ruwan sama mai yawa da iska mai laima duk shekara. Mu kuwa damanarmu wata uku ce. Dabino da goriba su ne namu.

Saboda haka saye muke yi. Tafiyarta da nisa, daga bakin teku har Damagaram, wata tana lalacewa a hanya. Na taɓa sayen biyu ana gobe azumi, na fasa, ciki ya yi yauƙi yana wari. Kuɗina sun tafi. Yanzu sai na girgiza ta a kunne. In ban ji ruwa ba, ko na ga ta tsage, ko idanunta uku sun jiƙe, na aje ta. Wadda aka fasa kuma a ci ta ran nan, zafinmu ba ya barin ta kwana.

Don tsohuwata nake wannan wahala. Haƙoranta sun zube, ba ta iya tauna, kuma ba ta yarda ta sha azumi. Uwargida takan jiƙa aya ta kwana. Ta gurza rabin kwakwa, ta cire ƙwallon dabino, ta haɗa su da citta ta daka, ta tace da ƙyalle mai tsabta. Kwakwa mai gare ta, tana riƙe ciki. Rabin nan ya ishi gida duka, don aya ce mai yawa. Dusar da ta rage kaji ke ci.

Ran da aka fara ba tsohuwa, ta shanye, ta miƙo kwano ta ce: "Ɗana, a ƙara."