Kira Ga Jama'ar Zango Game Da 'Yan'uwanmu Na Sudan

Muna roƙon mai shirya wannan takarda ya ba mu ɗan fili mu faɗi wata magana wadda ta daɗe tana cin mu a rai. Mu dai aikinmu allo da tawada ne, rubutun boko da girma muka koye shi, saboda haka in an ga tuntuɓe a gafarce mu. Maganar kuwa ta yaƙin ƙasar Sudan ce, da wani laifi da muka yi a cikinsa muna zaune nan Kumasi.

A ɗakin mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, akwai wani tsohon akwatin ƙarfe, a cikinsa akwai wasiƙu bakwai na ajami, tawadarsu har ta koma ja don tsufa. Ƙanen kakanmu ne ya rubuto su. Fataucin goro ya kawo su ƙasar nan su biyu, kakanmu ya zauna, shi kuwa ƙanen ya ɗaura niyyar haji a ƙasa cikin 1952. Dattawa sun san hanyar. Daga Kano sai Maiduguri, sai Fort Lamy wadda a ke kira Njamena yanzu, sai Abeshe da Adre, a shiga ƙasar Darfur ta Junaina, a bi ta Fashir zuwa Ubayyid inda a ke samun jirgin ƙasa, har Sawakin a bakin Bahar Maliya, sa'an nan a ƙetare zuwa Jidda. Guzuri ba ya kai talaka wannan nisa, tilas ya tsaya a hanya ya yi ƙodago. Inda aka fi tsayawa kuwa shi ne gonakin auduga na Jazira, tsakanin kogunan Nilu biyu, waɗanda aka buɗe a 1925 da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar. Can ya tarar da mutanenmu da yawa, har da gari sukutum mai suna Mai Wurno, wanda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa tare da waɗanda suka tsira daga yaƙin Burmi na 1903. Ya yi hajinsa, ya komo Jazira, ya yi aure, bai sake ganin Kumasi ba.

A ɗaya daga cikin wasiƙun nan ya gaya wa wansa cewa tun daga Junaina har Sawakin bai taɓa kwana da yunwa ba. Duk garin da dare ya yi masa, sai a kai shi masallaci ko makarantar allo, wadda su ke kira halwa, a kawo masa tuwon dawa, ba a tambayarsa ɗan wane ne shi sai ya ƙoshi. Ku riƙe wannan magana, jama'a, za mu komo kanta.

Da tsofaffi suka ƙare, zumunci ya yanke, sai a 2016 wani almajirinmu da ya tafi karatu Hartum ya bi sunan ƙauyen da ke cikin wasiƙa ta ƙarshe, Allah ya taimake shi ya gano zuriyar. Ashe 'yarsa tana da rai, tana zaune a kudancin Hartum wurin ɗanta, tela. Goggo mu ke ce mata. Ran da muka fara jin muryarta a waya sai da muka yi hawaye, domin Hausarta irin ta kakanninmu ce, wadda ba a ƙara ji a bakin yara. Abin da ta fara tambaya shi ne, “Ɗana, goron Kumasi har yanzu yana da daɗi kamar yadda Baba ya ke faɗa?”

Ana nan, ran Asabar 15 ga Afrilu 2023, cikin goman ƙarshe na azumi, yaƙi ya tashi a tsakiyar Hartum. Ba baƙi ne suka kawo hari ba. Sojan ƙasar ne a ƙarƙashin Janar Burhan, da wata runduna da a ke kira RSF a ƙarƙashin Janar Hamdan Dagalo. Su biyun nan tare suka ture gwamnatin farar hula a Oktoba 2021, sa'an nan suka saɓa a kan yadda za a shigar da rundunar cikin soja, da wanda zai zama a sama. Suka yi ta harba manyan bindigogi da bama-bamai a cikin unguwannin mutane. Ruwan famfo ya ɗauke, wuta ta ɗauke, asibitoci suka rufe, bankuna suka rufe. Masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya sun ce a 2024 ko wane ɓangare ya aikata laifin yaƙi a kan talakawa.

Ɗan'uwanmu ya daure wata biyu, sa'an nan ya bar keken ɗinkinsa, ya ɗauki uwarsa da matarsa da 'ya'ya biyar zuwa Wad Madani, babban birnin Jazira, inda dubban ɗaruruwan mutanen Hartum suka fake. Suka sauka a ajin wata makaranta, su da waɗansu iyalai uku, zane ne kaɗai ya raba su. Cikin Disamba 2023 yaƙi ya iske su can, RSF ta kama birnin, suka sake gudu kudu zuwa Sinja.

To, ga inda laifinmu ya ke. A ƙarshen Janairu 2024 ya aiko mana saƙon murya. Bai taɓa roƙonmu kome ba sai ran nan. Ya ce, “Malam, a gafarta mini, maganin ciwon sukarin Inna ya ƙare, akwai shi a wurin wani mai kanti amma kuɗinsa ya ninka. In da hali a taimaka.” Wallahi muna da halin. Akwai sidi 2,000 a hannunmu, waɗanda muka tara domin sayen tabarmi da gyaran rufin makaranta. Amma sai muka ce bari mu ga kafinta tukuna, bari Juma'a ta wuce, bari mu tambayi wanda ya san yadda a ke aika kuɗi can. Muka amsa masa da addu'a mai tsawo, muka ce in Allah ya yarda mako mai zuwa. Kwana tara saƙon nan ya yi a wayarmu. A farkon Fabrairu wayoyin ƙasar Sudan duka suka ɗauke, ba kira, ba saƙo, ba hanyar tura kuɗi, domin mutane da yawa a lokacin ta wata hanyar banki ta cikin waya mai suna Bankak su ke karɓar taimakon dangi. Muka je da kuɗin wurin wani ɗan kasuwa mai hulɗa da Jidda, ya ce ko ya karɓa ba inda zai sauke su.

Sai da azumi ya kama, cikin Maris, muka sake jin muryarsa. Ya biya wani mai na'urar tauraron ɗan'adam ya ba shi ɗan lokaci. Ya gaishe mu, ya tambayi almajirai, sa'an nan ya ce Inna ta rasu kwana 20 da suka wuce, an rufe ta a Sinja. Bai ambaci maganar kuɗi ba, har yau bai ambata ba. Mun sani rai da ajali na Allah ne, ba mu ce kuɗinmu zai ƙara mata kwana ɗaya ba. Amma mun sani kuma za a tambaye mu kwana taran nan, ba kuwa za mu ce ba mu ji ba. Uban matar nan mutanen Sudan sun ciyar da shi daga Junaina har bakin teku ba su ce masa sai mako mai zuwa ba.

Wahalarsu ba ta ƙare nan ba. A ƙarshen Yuni 2024 aka kama Sinja, suka fita cikin damina, yawancin tafiyar a ƙasa, ta Dindir zuwa Gadarif. Gudu uku ke nan cikin wata 13. Ko da soja suka karɓe Sinja a Nuwamba 2024, da Wad Madani a Janairu 2025, da Hartum a Maris 2025, wanda ya koma ya duba musu gidan ya ce ko ƙofa ba a bari ba, balle keke.

Kada ku zaci gidanmu kaɗai abin ya taɓa. A lissafin Majalisar Ɗinkin Duniya, cikin 2025 waɗanda yaƙin ya raba da gidajensu sun kai wajen miliyan 12, kusan miliyan 4 daga cikinsu sun ƙetare zuwa Masar da Chadi da Sudan ta Kudu da sauran maƙwabta. Chadi kaɗai ta karɓi fiye da dubu 800, da yawansu ta Adre suka shiga, watau hanyar da alhazanmu suka bi zuwa gabas ita ce mata da yara suka biyo zuwa yamma, suna gudun kisan da aka yi a Junaina a 2023. A 2024 an ce mutum miliyan 25, rabin jama'ar ƙasar, suna cikin matsananciyar yunwa. A watan Agusta na shekarar aka tabbatar yunwa mai kisa ta sauka a wani sansanin 'yan gudun hijira kusa da Fashir, sunan sansanin kuwa Zamzam. Cikin watan nan ne kuma aka ba da sanarwar kwalara. Ita Fashir ɗin an yi mata ƙawanya wajen shekara ɗaya da rabi kafin ta faɗi a Oktoba 2025, aka kashe mutane da yawa. Abin da ya fi tsaya mana a rai, mu masu koyar da yara, shi ne a Oktoba 2023 an ƙidaya yara miliyan 19 ba sa zuwa makaranta. Babban ɗan ɗan'uwanmu ya kai izu 30 kafin yaƙi, uban ya ce da suka isa Gadarif rabi ya zube.

Mun san abin da waɗansu za su ce, domin mu ma mun faɗa wa kanmu. Za a ce muna da namu matalauta a zango, kasuwa kuma ba ta ci. Gaskiya ne. Za a ce abin ya fi ƙarfinmu, aikin gwamnatoci ne. Wannan ma gaskiya ne ta wajen tsai da yaƙi, amma ciyar da mai yunwa bai fi ƙarfin kowa ba. Da manyan ƙungiyoyin agaji suka kasa shiga unguwannin Hartum da Umdurman, samari da matan unguwa ne suka kafa tukwane a masallatai da makarantu, suna kiransu takaya, suna dafa wake da tuwo su raba, sau da yawa sau ɗaya a yini. Da yawa daga kuɗin tukwanen nan dangi ne na ƙasashen waje su ke aikowa kaɗan kaɗan. Talaka ne ya riƙe talaka.

Kuma ya dattawa, ku kun fi mu sanin ɗacin abin. Ran 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda kwana 14 su bar Gana. Mu ba a haife mu ba, amma kun ba mu labarin yadda aka sayar da gida a kuɗin akuya, da yadda mata suka kwana a tasha da jarirai, da waɗanda aka haifa a zango aka ce su koma garin da ba su taɓa gani ba. Kun kuma gaya mana har yau ba ku manta da wanda ya miƙo muku ruwa a hanya ba. Shi kansa sunan zango me ya ke nufi in ba wurin da matafiyi ya ke sauke kaya ba? Kakanninmu duka baƙi ne, wani ne ya ba su masauki.

Saboda haka ga roƙonmu guda huɗu ga ƙungiya. Na fari, a ajiye asusu a masallatan zango ko wace Juma'a, masu shaguna kuma su yanka wa kansu abin da za su iya a wata, ko sidi 10 ne. Na biyu, a zaɓi dattawa uku amintattu, da 'yan kasuwa biyu masu hulɗa da Jidda ko Alƙahira, su riƙe kuɗin, su tabbatar da hannun da zai karɓa, a karanta lissafi a gaban jama'a ko wane wata, domin kuɗin jama'a in ba a bayyana shi ba zargi ya ke haifarwa. Na uku, kowa ya buɗe akwatin tsohonsa. Duk wanda ya sami wasiƙar ajami daga gabas ya kawo mana bayan la'asar, za mu karanta masa kyauta, mu fitar da sunan gari da na dangi, a nemi zuriyarsu. Amma kada a tsaya ga dangi ko ga mai jin Hausa kaɗai, domin waɗanda suka ciyar da alhazanmu ba su tambayi ƙabila ba. Na huɗu, wanda saƙon neman taimako ya zo masa, kada ya bari ya kwana. In ba shi da shi, ya kawo wa ƙungiya a daren.

Kuɗin rufin nan mun aika da su daga baya, an sayi tsohon keken ɗinki a Gadarif, da shi ɗan'uwanmu ya koma sana'a. Rufin makaranta yana nan yana yoyo a kusurwar gabas, in ruwa ya sauko sai almajirai su matsa gefe da allunansu. Mun bar shi haka tukuna.

Allah ya jiƙan Goggo da dukan waɗanda suka rasu a hanya. Allah ya mai da masu gudu gidajensu, ya ba ƙasar Sudan lafiya, ya kiyaye ƙasar da mu ke zaune a cikinta daga irin wannan fitina, ya yafe mana jinkirinmu. Amin. Haza wassalam.

Daga wani malamin makarantar allo, Zangon Kumasi.