Asabar Huɗu A Suame Magazin

Duk wanda ya taɓa shiga mota daga Kumasi zuwa arewa ya san Suame, domin ta nan hanyar Techiman da Tamale ta bi. Mu ma mun daɗe muna wucewa ta wurin muna toshe hanci saboda hayaƙi, amma ba mu taɓa sauka mun shiga ciki ba sai a dogon hutun makaranta da ya wuce. Dalili kuwa shi ne wani Alhaji maƙwabcinmu a Aboabo, wanda ya roƙe mu mu raka shi don mu riƙa karanta masa wani littafin Turanci na gyaran babur. Babur ɗin na ƙanensa ne da Allah Ya yi wa rasuwa. Ya shekara tara a zaure lulluɓe da tabarma, kaji suna kwana ƙarƙashinsa. Masu sayen tsohon ƙarfe sun yi ta zarya, Alhaji ya ce atafau ba zai sayar ba, sai ya ga ya sake hawa hanya.

Ranar Asabar da sassafe muka ɗora shi a aboboya, mu huɗu muna nishi, muka nufi Magazin.

Ga wanda bai sani ba, Magazin gari ne guda a cikin gari. Sunan ya samo asali ne daga ma'ajiyar makaman soja ta zamanin Turawan mulkin mallaka, inda makanikan farko suka fara zama kusa da ita, da suka ƙaura zuwa Suame kuma sai sunan ya biyo su. Yanzu dubban rumfuna ne jere, kowane lungu da sana'arsa. Nan masu walda, can masu narka ƙarfe su yi zubi, gaba masu fenti, sai masu sayar da kayan gyara na hannu da aka kwance daga motocin ƙasashen waje. Ƙasar wurin ta yi baƙi ƙirin da baƙin mai. Ƙarar guduma ba ta tsayawa sai an kira salla, shi ma a wasu rumfunan ne kawai. Ana jin Asantanci da Hausa da Dagbanci da Turanci a bakin mutum ɗaya cikin ciniki ɗaya. Tun a 1980 Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kumasi ta buɗe wata cibiya a nan domin koya wa masu sana'a aiki da injunan sassaƙa ƙarfe, kuma har yau ana ganin albarkar wannan a hannun mutanen wurin.

Rumfar da muka nufa tana can ciki, bayan masu gyaran giya. Ba a kawo mata ƙananan baburan da yara ke yawo da su a unguwa. Manya ake kawowa, irin waɗanda aka ƙera domin doguwar tafiya da gudu a lokaci guda, masu garkuwar roba a gaba da ke kare mahayi daga iska, da babban tanki, da wurin zama mai faɗi na mutum biyu. Mun tarar da Honda ɗaya da BMW ɗaya an tuɓe su. Masu su kuwa suna zaune kan benci suna shan koko, domin a al'adar wurin mai babur ba ya ajiyewa ya tafi. Ran Asabar yakan zo da tsummansa, ya wanke sarƙa da kananzir, ya shafa mata mai, ya duba iskar taya, ya saurari injin nasa da na abokinsa.

Na Alhaji Yamaha FJ1200 ne, samfurin da ya fara fitowa a 1986. Injinsa silinda huɗu ne, girmansa siisii 1,188, iska ce ke sanyaya shi ba ruwa ba, kuma da mai a ciki nauyinsa ya haura kilo 250. Muna cikin sauke shi sai mai rumfar ya fito yana goge hannu, ya dube mu, ya rusuna ya ce, "Ticha, ina kwana? Ba ku gane ni ba ko?"

Wallahi sai da gabanmu ya faɗi. Ɗalibinmu ne na shekarunmu na farko a aikin koyarwa, yaron da ke zama a bencin baya, wanda muka sha rubuta wa ja a takardar lissafi. Mun tuna sarai ranar da mahaifinsa ya zo makaranta muka ce masa yaron ba shi da kan karatu, gara a kai shi gareji. Da muka faɗi haka ba shawara muke bayarwa ba, sallama ce muke yi. Yau ga shi da almajirai shida suna kiransa Masta.

Asabar ta farko ta tafi ne a gardama. Alhaji yana son a fara da fenti da sabuwar kujera, domin jama'ar unguwa su gani. Masta ya ce, "Baba Alhaji, ku yi haƙuri. Babur ɗin nan yana wuce kilomita 200 a awa. Kafin mu koya masa gudu sai mun koya masa tsayawa." Ya nuna mana man birki da ya zama kamar ruwan kwata, ya ce wannan mai yana shan danshin iska, shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu ko da ba a hau babur ba. Ya lanƙwasa tiyon birki muka ga ya tsattsage. Ya ba da shawara a sa irin wanda aka naɗe da zaren ƙarfe, domin ba ya kumbura idan an matsa. Sannan ya kira mu ya nuna mana lambobi huɗu a gefen taya, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Tayoyin Alhaji zanensu bai cinye ba, amma sun haura shekara goma, robar ta bushe kamar ƙirgi. Alhaji ya yi shiru, sannan ya ce a yi yadda Masta ya ce.

Asabar ta biyu aka shiga ciki. Tanki ya yi tsatsa, aka wanke shi tas. Tsohon fetur ya daskare a cikin kafireto huɗu kamar ƙaro, aka warware su ɗaya bayan ɗaya a kan farin ƙyalle, kowane ƙaramin ƙarfe da mazauninsa. A nan ne aka buƙaci littafin da muka zo da shi. Muka buɗe za mu fara fassara, sai muka ga Masta ya riga mu zuwa shafin. Injin yana da bawul 16, kowanne da 'yar tazarar da dole a bar masa, wadda ba ta kai kashi ɗaya cikin huɗu na milimita ba. Ya auna kowanne da siraran ƙarafa, ya rubuta a kwali, ya ɗebe wannan lamba daga waccan domin ya san kaurin ƙarfen da zai sa. Watau lissafin ɗigo ne, wanda muka ce ba zai taɓa iyawa ba.

Muka tambaye shi inda ya koya. Ya ce, "Ticha, a nan. A aji ban san abin da lambar take aunawa ba. A nan in na yi kuskure inji ne zai ƙone, ni zan biya."

Asabar ta uku aka tayar da inji. Da farko ya yi ta tari yana karkarwa. Masta ya ɗauko wani siririn tiyo mai ɗan mai a ciki da ya ɗaure a jikin katako, ya haɗa bakinsa biyu da kafireto biyu, yana juya sukuru a hankali har man ya tsaya daidai a ɓangarorin biyu. Haka ya bi su duka huɗun. Sai karkarwa ta ɗauke, murya ta zama ɗaya. Alhaji ya juya baya yana share ido da hannun riga, ya ce haka yake jin ƙarar nan da asuba idan marigayi zai fita.

Mun kuma lura da wani abu. Wani ƙarfen da ke riƙe garkuwar gaba ya karye, ba a samunsa a kasuwa, cikin awa biyu maƙwabcinsa mai injin sassaƙa ya fitar da sabo. Amma da wani ya kawo shawarar a yi wa faifan birki ciko da walda, Masta ya ƙi ƙememe. Ya ce Magazin tana iya ƙera kusan komai, gwani shi ne wanda ya san abin da bai kamata a ƙera ba.

Asabar ta huɗu muka yi gwaji. Masta ne ke tuƙi, mu muna baya, kowa da hular kwano, Alhaji da 'ya'yansa suna biye a mota. Muka wuce Offinso, muka sha ruwa a Techiman, bayan kusan kilomita 120, muka zarce Kintampo. Nan muka yi azahar. Garin ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Bayan da Turawan Ingila suka ci Kumasi a 1874 cinikin goro ya fara barin Salaga, Kintampo ta zama babbar kasuwa, yaƙin Salaga na 1892 kuma ya ƙara watsa fatake zuwa garuruwa irin wannan. Kakanninmu da jakai suka zo, kuma an san madugu ba ya cin abinci a zango sai ya duba dabbobinsa. Muna wannan tunani sai muka hangi Masta ya tsuguna yana taɓa sarƙa, yana leƙa ƙarƙashin inji ko mai na ɗiga, abincinsa na gefe yana hucewa.

A hanyar dawowa ya gaya mana damuwarsa. Manyan baburan yanzu ba su da kafireto, kwamfuta ce ke auna musu mai, sai an jona na'ura an karanta abin da ta rubuta kafin a san ciwonsu. Cikin almajiransa shida, biyu ne kaɗai ke iya karanta shafi guda su fahimta. Sauran iyayensu sun cire su daga makaranta da wuri, suna cewa ai gareji ba ya bukatar boko. Ya ce idan aka ci gaba a haka, yaran Zango za su ƙare a wankin ƙarfe, wasu kuma su zama masu rumfa.

To, iyaye da 'yan'uwanmu malamai, wannan magana tamu ce. Mu malamai mun mayar da gareji wurin zubar da yaron da ya gagare mu, iyaye kuma sun ɗauka hannu kaɗai ya isa. Mun riga mun yi alkawari da Masta cewa duk ranar Asabar bayan la'asar za mu je rumfarsa mu yi awa guda da yaransa, littafin gyaran babur shi ne littafin karatunmu. Malamin da ke da awa guda da zai bayar, rumfuna suna da yawa a Magazin.

Babur ɗin Alhaji kuwa har yanzu ba a yi masa fenti ba, ya ce a bar shi da launin da ƙanensa ya sani. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya kiyaye mu a kan hanya, amin.