Hoton Baba da firam ɗin da na riga na saya

Mu a gidanmu ba mu da hoton marigayi Baba, in ban da ɗan ƙaramin nan na fasfo wanda hatimi ya cinye masa rabin fuska. Shekara talatin da wani abu ya yi yana fataucin goro tsakanin Kumasi da Kano, amma bai taɓa shiga shagon mai hoto don kansa ba. Shi ya sa ranar da 'yata, wadda ke karatu a Accra, ta bugo mini waya tana cewa, "Abba, kamar na ga kaka a wani baje kolin hotuna," na ɗauka ko kama ce kawai. Ta turo mini ta WhatsApp. Hoto ne baƙi da fari na wajen ɗaurin goro, ga huhuna an jera, ga mota ana lodi. Can gefen dama kuwa ga wani mutum tsaye, ya saɓa hannun riga a kafaɗa, ya ɗan karkata kai kamar mai lissafi a zuci. Ban yi musu ba, tsayuwar Baba ce.

Wanda ya ɗauki hoton ya rasu. Ɗansa ne ke riƙe da tsofaffin fim ɗin, shi ke wankewa yana sayarwa. Mako na zagayowa na bar wa yaro shago na hau motar Accra. Kuma da yake ni ɗan kasuwa ne mai son a ce ya yi dabara, kafin in tafi sai da na shiga Kejetia na sayi wani firam mai ruwan zinare, inci 16 da 20, don na samu da araha. Nan na fara kuskure.

Saurayin ya karɓe ni da mutunci. Ya ce hoton girma uku ake wanke shi: santimita 20 da 30, 40 da 60, sai 80 da 120. Kowane girma yana da adadin da ba za a wuce ba, kuma a bayan kowane ɗaya akan rubuta lamba da fensir, misali na uku cikin goma, a buga hatimin gidansu. Na ce ai ni ga firam ɗina, a wanke mini daidai shi. Sai ya jawo kujera ya nuna mini a kwamfuta. Fim ɗin da mahaifinsa ya yi aiki da shi milimita 24 ne da 36, wato in tsayi biyu ne, faɗi uku. Firam ɗina kuwa, in an mayar da shi santimita, kusan 40 ne da 50, wato huɗu da biyar. Kafin hoton ya shiga ciki sai an yanke santimita 10, kashi ɗaya cikin shida ke nan. In an raba yankan gida biyu, biyar hagu biyar dama, kafaɗar Baba da rabin hularsa sun tafi. Na ce to a yanke duka daga hagu mana, me ke can ban da wani yaro mai ɗauke da kaya? Ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, ba na yanke hoton mahaifina."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Mu da muka saba mai saye ya ce a yanko masa yadi biyar a yanko, sai ga yaro sa'an ɗana yana ce mini a'a da kuɗina a aljihu. Amma da na kwana na tashi sai na ga ni ma in wani ya zo ya ce in yage bakin atamfa don ta shiga akwatinsa, zan ce masa ya nemi wani akwatin.

Da na haƙura da firam sai zuciya ta koma kan babban. Wana ya kira daga Kano yana cewa, "Ka sayi mafi girma, Baba ne fa, kada ka yi ƙwauro." Kuɗinsa ya kusa ribar wata biyu a shagona, amma na riga na sa rai. Saurayin ya ce in dakata, ya wanko mini ɗan yanki kawai, daidai inda Baba yake, a girman nan na 80 da 120. Da na karɓa sai jikina ya yi sanyi. Fuskar ta zama kamar an watsa gari a kan tabarma, ɗigo-ɗigo, ba ido ba hanci. Ya ce a jikin fim ɗin kan Baba bai kai ƙwayar gero biyu ba, kuma wannan girman ya ninka fim ɗin sau talatin da uku. Abin da fim bai kama ba, faɗaɗawa ba za ta kawo shi ba. Ya manna yankin a bango ya ce in ja baya. Sai da na yi taku shida ko bakwai sannan fuskar ta haɗu ta zama mutum. To ni falona a Aboabo, in ka jingina da bango ɗaya, taku huɗu ya kai ka ɗayan.

Shi ne ya ba ni labarin Seydou Keïta, mai hoton nan na Bamako da ya buɗe shagonsa a 1948, ya rasu a 2001. Hotunansa na asali santimita 13 ne da 18, daidai girman fim ɗinsa, irin wanda mutum zai sa a ambulan ya aika wa dangi. Bayan 1990 ne Turawa suka fara wanke su manya, har santimita 120 da 180, kuma suka fito tas. Dalili, fim ɗin Keïta ya kai tafin hannu, ninki goma kawai ake yi a kai wancan girman. Namu kuwa bai fi kan sarki na wasiƙa da yawa ba. Tun daga ranar na daina tambayar girman hoto kafin in tambayi daga me aka wanko shi.

Na koma Kumasi ban sayi komai ba. Na aro tef ɗin awo wajen tela maƙwabcina, na yanka kwalaye biyu, ɗaya 40 da 60, ɗaya 80 da 120, na manna su a bango kwana uku. Babban ya cinye bangon har ya taɓa agogo. Uwargida ta dube shi ta ce, "Alhaji, wannan ai allon talla ne." Ita ce kuma ta tuna mini cewa bangon da na zaɓa shi ne alƙibla, kuma a falon muke salla in an yi ruwa. Muka mayar da kwalin bangon kudu, wanda rana ba ta bugunsa, don hasken rana yana kashe hoto a hankali.

Saura takarda. Idona ya fi son mai sheƙi, amma a bayan gilashi sheƙi biyu ke haɗuwa, fitila kawai za ka riƙa gani. Na ɗauki marar sheƙi, ta auduga, mai kauri kamar kati. Ya bar farin gefe zagaye da hoton, ya ce in gaya wa mai firam ya sa kwali mai taga tsakanin hoton da gilashi. Duk wanda ya zauna Kumasi ya san laimar damina. In hoto ya jingina da gilashi yakan manne, ranar da ka zo cirewa sai fuskar ta biyo gilashin. Wannan kwalin da farin gefen sun sa firam ɗin ya kai kusan 60 da 80, abin da ban lissafa ba da ina yanka kwalaye. Da ƙyar ya shige tsakanin taga da kabad.

A ƙarshe na sayi biyu: na 40 da 60 don falo, da ƙaramin na 20 da 30 don Hajiya. Kuɗin duka biyun bai kai na babban ba. Ƙaramin na sa shi tsakanin kwali biyu masu tauri a tsakiyar jakar hannuna, don na san yadda ake jifa da kaya a kan iyaka, kuma da gilashi ne da bai kai Lome ba. Firam ɗin zinare kuwa yana nan, an sa masa shaidar saukar karatun ƙaramin ɗana.

Da na isa Kano na miƙa wa Hajiya bayan la'asar. Idonta ya yi rauni, sai ta matso da shi dab da fuska ta juya wajen haske. A wannan girman komai ya fito, har aikin wuyan rigar. Na ce, "Hajiya, kun gane shi?" Ba ta amsa ba, ta daɗe tana kallo. Can sai na ga yatsarta ta bar wajen Baba ta tafi gefen hagu, kan yaron nan mai ɗauke da kaya. Ta ce, "Wannan ai kawunku ne, autanmu. Shekarar da ya bi Malam Kumasi ke nan." Kawun nan ya rasu tun ban yi wayo ba, kuma babu wanda ya taɓa ganin hotonsa a dangi. Na ce bari in kai a sa mata firam a rataye. Ta ce a'a, ta naɗe shi cikin wani tsohon kallabi, ta buɗe akwatinta ta sa a ƙarƙashin zannuwa.