Kwana Huɗu a Beynac, Ƙauyen Faransa da Ke Bakin Kogin Fatake

Mafi yawanmu da muka taɓa taka ƙasar Faransa, Faris kawai muka sani, ita ma ɗin wani ɓangare nata: Château Rouge, Barbès, gidan ɗan'uwa, sai filin jirgi. A sayi kaya, a ɗaure, a auna kilo, a juyo. Ni ma haka tafiye-tafiyena suke idan na taso daga Kwatano, inda nake sana'ar leshi da shadda. Sai a watan Yunin da ya wuce, da muka je Bordo ni da Hajiya duba ɗanmu da ke karatu a can, ya ce, "Baba, wannan karon sai na kai ku kun ga shato." Hajiya ta ce, "Tankin ruwa za mu je kallo? Ai mun baro su a Yamai." Ya yi dariya ya ce a can gidan sarauta na dutse ake kira shato, irin wanda sarakunan yaƙi suka gina.

Ƙauyen da muka sauka sunansa Beynac, ana faɗinsa Benak. Tafiyar kamar awa biyu da rabi ce a mota daga Bordo idan aka yi gabas, kuma kilomita 10 ne tsakaninsa da garin Sarlat. Mutanen ƙauyen ba su wuce ɗari biyar ba. Gidajensu na dutse ne mai ruwan zuma, an jera su a jikin tsauni, wani bisa wani. A ƙasa kogin Dordogne na tafe a hankali, kogin da tsawonsa ya kai kilomita 483, wanda yake haɗuwa da Garonne kusa da Bordo kafin su faɗa teku. A ƙwanƙolin tsaunin kuma, mita 150 daga ruwa, ga fadar nan a tsaye.

Fadoji biyu masu hararar juna

Hawan daga bakin kogi zuwa ƙofar fada ba wasa ba ne. Hanya ce ƙarama mai daɓen duwatsu, kuma a miƙe take. Mai ciwon gwiwa gara a zagaya da shi a mota ta baya, akwai wurin ajiye motoci a sama. An fara ginin tun ƙarni na 12. Sarki Richard na Ingila, wanda ake wa kirari da mai zuciyar zaki, shi ɗin nan da ya gwabza da Salahuddin Ayyubi a ƙasar Sham, ya riƙe ta har mutuwarsa a 1199. A ciki akwai babban zauren da manyan hakiman yankin huɗu suke taruwa, da madafa mai ƙugiyoyin rataye nama, da matakala ƙunci wadda mutum biyu ba sa iya giftawa. Da gangan aka yi ta haka, don maharan da suka shigo su riƙa hawa ɗaya bayan ɗaya.

Da ka leƙa ta saman ganuwa za ka hango wata fadar a hayin kogi, Castelnaud. A yaƙin Ingila da Faransa da aka yi daga 1337 zuwa 1453, kogin nan shi ne iyaka a wannan yanki. Beynac na tare da sarkin Faransa, Castelnaud kuma galibi tana hannun Ingilishi. A 1442 sojan Faransa suka yi mata ƙawanya mako uku, daga ƙarshe shugaban dakarun da ke ciki ya miƙa makulli aka ba shi tsabar zinariya 400. Da yaron ya fassara mana wannan, na ce ashe shi ma ɗan kasuwa ne, ya ga jari zai karye ya sayar.

Yanzu Castelnaud gidan tarihin kayan yaƙi ne. Akwai sulke, kwalkwali, takubba, bakuna, da wasu manyan majajjawa na katako da ake jifan ganuwa da su da ƙaton dutse. Wanda ya taɓa ganin 'yan lifidi da 'yan sulke a hawan sallar Kano ko Damagaram zai ga abin da ya sani. In da yara a tafiyar, nan za su fi jin daɗi.

Abin da ake gadi

Ina tsaye a saman Beynac na tambayi kaina, me ake tsaro a wannan daji har aka kashe dukiya haka? Amsar na samu washegari a cikin jirgin ruwa. A ƙauyen La Roque-Gageac, kamar kilomita 5 daga masaukinmu, akwai jiragen katako masu shimfiɗaɗɗen ƙasa da suke kira gabar. Yanzu baƙi suke ɗauka, yawon kusan awa ɗaya, amma an ƙera su ne da siffar jiragen fataken da.

Kafin zuwan jirgin ƙasa, kogin nan shi ne babbar hanyar kasuwanci. Daga tsaunukan gabas ana gangarowa da katakon yin ganguna, da gawayi, da giya, zuwa wajen Bordo. A komowa kuma a ɗauko gishiri, busasshen kifi, sukari da kofi. Gangara ruwa ke yi maka, amma hawa sai an ɗaura igiya, mutane ko shanu su ja jirgin ta gefen kogi. Waɗanda suke tasowa daga can saman kogi, inda ruwa ke da ƙarfi, ba sa ma wahalar komo da jirginsu. Suna isa su sayar da kaya, su farfasa jirgin su sayar da katakonsa, su kama hanyar gida a ƙasa. Masu fadojin nan kuwa suna karɓar kuɗin fito daga jiragen da ke wucewa ta ƙarƙashinsu. Da na ji haka na ce wa Hajiya, "To ga shingen zamaninsu nan, sai dai nasu na dutse ne."

A 1882 jirgin ƙasa ya iso Sarlat. Ba a jima ba sana'ar gabar ta mutu, maƙeran jirage da masu jan igiya suka watse. Labarin bai yi mini baƙo ba. Haka ayarin raƙuman da ke zuwa Kano daga Tarabulus ya ja baya bayan da dogo ya iso Kano a 1911. Mu da ke Kwatano ma mun ɗanɗana tun da aka rufe iyakar Nijar da Benin a 2023, kayan da ke bi ta Malanbil da Gaya suka koma neman wata hanya ta Lome. Na san mutanen da shagonsu bai canja ba, kayansu bai lalace ba, amma ciniki ya ƙaura ya bar su. Mutanen wannan kwari sun daɗe cikin irin wannan hali, matasa suna ficewa birane, har ita Castelnaud ta zama kango ana ɗibar duwatsunta ana gini. Abin da ya tashe su shi ne sun waiwayi abin da ya rage a hannunsu. Wani attajiri mai suna Lucien Grosso ya sayi fadar Beynac a 1962 ya shiga gyara. Yau tsoffin duwatsun da kogin su ne hajarsu, baƙi kuma su ne masu saye.

Shi kansa La Roque-Gageac abin kallo ne. Gidaje a maƙale tsakanin kogi da bangon dutse, kuma saboda dutsen yana kallon kudu yana riƙe zafin rana, sai ga ayaba da gora da itatuwa dangin dabino a tsakiyar Faransa. Amma zama a gindin dutse yana da farashinsa: a watan Janairun 1957 wani ɓangarensa ya zubo ya danne gidaje, mutum uku suka rasu.

Gidan da bashi ya ci

Inda ya fi taɓa Hajiya shi ne Milandes, 'yan kilomitoci daga Castelnaud. Mai Castelnaud ne ya gina wa matarsa a 1489, don waccan fadar ta yaƙi ce, ba daɗin zama. Amma wadda ta sa gidan ya yi suna ita ce Josephine Baker, baƙar fata 'yar Amurka da aka haifa a 1906 cikin talauci, ta zo Faris ta zama shahararriyar mawaƙiya. A yaƙin duniya na biyu ta yi wa masu fafutukar 'yantar da Faransa aiki a ɓoye. Ta sayi gidan a 1947, ta ɗauki riƙon yara goma sha biyu daga ƙasashe daban-daban, har da Kodebuwa, Aljeriya, Maroko da Japan, don ta nuna 'yan Adam na iya tashi gida ɗaya.

Sai dai hannunta a sake yake. Ta gina otal da wurin shaƙatawa, ta ɗauki ma'aikata da yawa, abin da ke fita ya fi abin da ke shigowa. A 1968 aka yi gwanjon gidan saboda bashi, a 1969 aka fitar da ita. Akwai hotonta a can tana zaune a dokin ƙofar madafa bayan an kulle gidan. Hajiya ta daɗe a gabansa, sannan ta ce, "Alhaji, ka ga wannan? Alheri ma sai da lissafi." Ta rasu a 1975, kuma a 2021 Faransa ta sa sunanta a Panthéon, inda ake karrama manyan ƙasar. Ita ce baƙar mace ta farko da aka yi wa haka.

Lambu da kogo

Tsakanin Beynac da La Roque-Gageac akwai lambun Marqueyssac a kan tudu, mai ƙananan itatuwa 150,000 da ake yi wa aski da hannu, sun zama dunƙule-dunƙule kamar tumaki a kwance. Daga ƙarshen lambun ana ganin kogin da fadojin gaba ɗaya. Ku je da la'asar.

Ranar ƙarshe muka yi tafiyar sama da awa ɗaya zuwa ramin Padirac. Ƙaton rami ne a tsakiyar fili, faɗin bakinsa ya haura mita 30. Ana sauka ta matakala ko na'urar hawa da sauka har mita 103 a ƙarƙashin ƙasa, inda wani kogi ke gudana cikin duhu. A kwale-kwale ake bin sa. Ruwan da ke ɗiga daga sama ya bar ma'adinai da suka taru a hankali suka zama ginshiƙan dutse masu reto. Wani mai bincike, Édouard-Alfred Martel, shi ya fara bin kogin a 1889. Sanyin ciki maki 13 ne rani da damina, don haka a riƙe rigar sanyi. Ban ji bakin Hajiya ya daina tasbihi ba har muka fito.

Ga mai niyyar zuwa

Ranakun Laraba da Asabar kasuwar Sarlat ke ci, kuma ɗan kasuwa bai kamata ta wuce shi ba. Ba a taya kaya, farashi a rubuce yake, amma ana ba ka ɗanɗano kafin ka saya. Akwai zuma, cuku, da wani ɗan itace mai taurin ɓawo da suke kira nuwa, wanda ake matsar mai da shi. Tsaraba ce mai kyau.

Batun abinci sai an kula. Yankin na agwagwa ne da dinya da alade, har dankali da kitsen agwagwa suke soyawa. Mu mun sayi naman halal a Bordo, muka kama gidan haya mai madafa, a waje kuma kifi, ƙwai, cuku da burodi. Ba mu ga masallaci a kusa ba, sai a riƙe darduma a yi ƙasaru, a kuma tuna a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen tara da rabi na dare. Shaguna da yawa suna rufewa daga sha biyu zuwa biyu na rana. Ba kabu-kabu, ba tasi a bakin hanya, dole sai da mota. Lokacin da muka je, kuɗin shiga kowace fada ya kama tsakanin Yuro 10 da 15 ga babba, wato jaka shida da rabi zuwa kusan jaka goma na sefa, na yara ya fi sauƙi. Yuli da Agusta cunkoso ne da tsadar masauki, Mayu, Yuni ko Satumba sun fi. Padirac kuma a rufe yake da hunturu.

Wanda Allah ya nufa da zuwa Faransa saro kaya ko duba 'ya'ya, ya ware kwana uku ko huɗu, ya ɗauki iyali. Daga Faris zuwa Bordo awa biyu ne da 'yan mintoci a jirgin ƙasa mai gudu, daga nan akwai wani jirgin zuwa Sarlat. Allah ya buɗe mana hanyoyi, ya sa albarka a nema.