Rediyon Dijital: Murya Tar, Amma Wa Ke Saurare?

Akwai wata magana da muka haddace a aji tun shekarar farko: duk abin da yake analog ya tsufa, dijital ce gobe. An yi a waya, ana kan yi a talabijin, saura rediyo. To, yanzu da ya rage mana 'yan watanni mu karɓi difloma, kuma mu ne za a ce mu ɗaura na'urorin nan ko mu yi magana a cikinsu, ina ganin lokaci ya yi da za mu yi wa kanmu tambayar da ba ta fitowa a jarrabawa. Shin rediyon dijital yana aiki har yadda mai sauraro zai ajiye akwatinsa, ya ciro kuɗi daga aljihunsa ya sayi sabo?

Bari mu fara warware wani ruɗani. Rediyon dijital ba shi ne sauraron tasha ta intanet ba. Shi ma ta iska yake zuwa, kyauta, babu ruwansa da data, sai dai ana mayar da muryar zuwa lambobi kafin a watsa ta. Manyan tsare-tsaren guda biyu ne. Akwai DAB da ƙaninsa DAB+, masu aiki a zangon da ke sama da na FM, tsakanin megahaz 174 da 240. Akwai kuma DRM, wanda aka fara ƙirƙira domin gajeren zango da matsakaicin zango. A DAB na'urar watsawa ɗaya tana iya ɗaukar tashoshi goma ko fiye a lokaci guda, kuma ba sai ka yi ta murɗa maɓalli kana laluben tasha ba, sunanta ne zai fito a fuskar akwatin.

Na ga amfanin wannan da idona lokacin da na yi SIWES a wata tashar FM. Abin da aka fi tattaunawa a ɗakin injiniyoyi ba shirye-shirye ba ne, man dizal ne. Kowace tasha da na'urarta, da hasumiyarta, da janaretonta mai shan mai kamar ba gobe. Idan tashoshi goma za su haɗu a na'ura ɗaya su raba kuɗin, wallahi babu manajan da zai ƙi. Amma ku lura, wannan riba ta mai tasha ce. Mai sauraro fa, me ya samu?

A nan ne nake tuna mahaifina. Manomi ne, kuma ƙauyenmu yana can gefen inda muryar tashoshin birni ke ƙarewa. Rediyonsa yana shuuu, yana ɗan ƙugi, amma idan ya ja eriya ya karkatar da akwatin, sai ya ji labarai tsaf. Haka analog yake, idan sigina ta yi rauni murya ce ke dusashewa sannu a hankali. Dijital ba ta san wannan sassaucin ba. Ko dai ta zo tar, ko ta fara kakkatsewa, ko ta ɗauke ɗif. Mutumin da ke tsakiyar birni zai yaba, na gefe kuwa zai zauna da akwati shiru. Hausawa sun ce da babu gara ba daɗi. Ƙara da cewa akwatin dijital ya fi cin batir, domin akwai ƙaramar kwamfuta a cikinsa da ke fassara lambobin, kuma muryarsa kan makara da 'yan daƙiƙu. Maƙwabcinka mai FM zai yi ihun an ci ƙwallo kai kana jiran a buga.

Kada a ce ƙauyanci ne ke damuna, mu duba ƙasashen da suka riga mu. BBC ta fara watsa shiri ta DAB a Birtaniya tun 1995. Shekara talatin ke nan, amma FM na nan daram, kuma wani bita da gwamnatinsu ta fitar a 2021 ya ce a bar shi aƙalla zuwa 2030. Finlan ta gwada DAB, ta rufe shi a 2005. Norwe ce ta fara kashe FM na tashoshin ƙasa a 2017, kuma ko ita ta bar ƙananan tashoshin yanki a kan FM. Tarayyar Turai kuwa sai da ta yi doka cewa daga Disamba 2020 duk sabuwar motar da ke da rediyo dole ta iya kama na dijital. Sannan waɗanda suka yi saurin sayen akwatin DAB na farko sun tarar ba ya kama DAB+ da ya zo daga baya.

Gaskiya ne mutane da yawa a Birtaniya yanzu ta DAB suke saurare, ba zan ɓoye wannan ba. Amma a fahimtata, abin da ya ja su shi ne ƙarin tashoshin da babu su a FM, da kuma tarar da na'urar a cikin mota ba tare da sun nema ba. Haka ma a Indiya, inda gidan rediyon ƙasa ke amfani da DRM, ta sababbin motoci akwatin ya fi yaɗuwa. Mu kuwa mai sauraronmu ba a mota yake ba. Yana gona, yana shagon ɗinki, tana tsakar gida tana tuƙa tuwo.

A nan gida ma an taɓa. Muryar Najeriya ta buɗe tashar watsawa a Lugbe, Abuja, a 2012, da na'urorin da ke iya watsa DRM. Ghana ta fara gwajin DAB a Accra da Kumasi a 2023. A takarda, DRM kamar domin mu aka yi shi: ƙasa mai faɗi, ga jama'ar da suka saba da gajeren zango tun da BBC ta fara sashen Hausa a 1957. Amma don Allah, a cikinku wa ya taɓa ganin akwatin DRM a teburin mai sayar da rediyo da tocila a kasuwa? Na'urar watsawa ba tare da akwatin kamawa ba, kiɗa ne a gidan kurame. Mun kuma ga yadda sauya talabijin ya kaya: wa'adin duniya ya cika a Yunin 2015, aka ƙaddamar a Jos a 2016, har yau ana ta jan ƙafa.

Sannan ga waya. Ƙaramar wayar da ɗan acaɓa ke riƙewa tana da FM a ciki, babu ko sisin data. Wanda yake da data kuma, kamar yawancinmu a nan makaranta, ya riga ya koma kallon tashoshi kai tsaye a Facebook. Rediyon dijital ya faɗo tsakiya: ya fi ƙarfin aljihun na farko, bai kuma ba na biyu abin da ba shi da shi ba.

Me ya sa abin ya dame ni? Domin a wurinmu rediyo ba kayan nishaɗi kawai ba ne. Ta nan ake jin gargaɗin ambaliya, da ranar rigakafi, da cigiyar yaron da ya ɓata, da sanarwar rasuwa, da hanyar da ba ta da lafiya. Ranar da wani ya zauna a ofis ya sa ranar kashe FM kafin akwati ya isa hannun mutane, waɗanda za a fara yankewa su ne waɗanda ba su da wata kafar.

Ba cewa nake a yi watsi da dijital ba. A kunna ta gefe da gefe da FM, a bar mai sauraro ya zaɓa. Idan akwatin ya yi araha kamar na yanzu, batir ya daɗe, sigina ta kai ƙauye, kuma akwai shirin da sai a can ake samunsa, babu wanda zai jira doka. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Saboda haka ƙannenmu na sashen lantarki da ke neman abin da za su yi firojet a kai, ga aiki: akwati mai araha, mai caji da hasken rana, wanda ke kama FM da dijital tare. 'Yan aikin jarida kuma ku tanadi shirin da zai sa manomi ya ga ya cancanci kuɗin buhun masararsa. Sauran magana sai akwatin ya iso kasuwa.